Wa'adin Kwana Casa'in

Ƙarfe biyu da kwata, Samaru ta yi tsit,
sai gurnanin janareto a bayan katanga
da fankar na'ura mai haki kamar jakin da ya hau tudu.
Barau ya tafi gida da mura,
ya bar mini rabin kofin shayi da jan layi a kan allo.

Wata goma sha ɗaya ke nan ba ta runtsa ba.
Duk katin da aka zura a PZ,
duk dubu biyun da aka cira a Kwangila,
duk kuɗin makarantar da ya ratsa ta Kongo,
ta nan yake biyowa, kamar Kubanni a tsakiyar damina,
kuma ba a ce wa ruwa dakata.

Aikinta ƙirga ne, da sa ido kan ɓarawo,
sai dai mun manta mu koya mata mantuwa.
Kowa ya gifta sai ta buɗe masa ɗaki:
direban tirelar da ya tsaya sau ɗaya ya sayi tsire,
ɗalibar da ta gama tun bara ta koma Gembu,
duk suna ciki, an shimfiɗa musu tabarma.
Kashi casa'in da huɗu. Ciki ya kusa fashewa.

Barau cewa yake a ƙaro mata ƙwaƙwalwa.
An ƙara a Rajab, an ƙara bayan salla.
Wanda ya ga madatsa da rani ya san zancen:
ba ruwa ke kashe ta ba, laka ce,
ƙwaya-ƙwaya, har kwalekwale ya zauna a ƙasa.

Babana, Malam Tanimu, mai shago a Tudun Wada,
yana da littafin bashi mai baƙin bango.
In Sha'aban ya raba sai ya zauna da biro,
ya haɗa shafi goma ya mayar layi ɗaya,
sauran ya yage, ya ba Inna ta hura wuta.
Na ce, Baba, in mai shi ya dawo fa?
Ya ce, jimla tana nan. Labarin ne na sallama.

To, haka zan yi.
Na kafa mata zango tukuna, inda za ta tashi in ta faɗi.
Sannan na rubuta layi guda:
duk wanda ya kwana casa'in bai motsa ba, a sallame shi.
Saƙon da ya makara a hanya a jira shi awa shida,
don sabis ɗin Dakace ba ya cika alkawari.
Bayan haka a rufe taga.

Kafin in danna sai na buɗe jerin masu tafiya.
Dubu ɗari takwas da 'yan kai, babu suna, lamba zalla.
Ban sa hannuna ba, shi ya buga da kansa:
huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai.
Ni na raka shi banki ranar da aka ba shi katin.
Ga shi nan.
Dubu uku, Tudun Wada, wata Laraba da hantsi,
kuɗin magani, ina jin.
Yau kwana ɗari da tara.
Na'ura ba ta je jana'iza ba, ba wanda ya yi mata gaisuwa,
tana nan tana tsare masa wuri
ko zai zo ya cira.

Na shanye shayin Barau da sanyinsa.
Na zauna har ladan ya gyara murya a lasifika.

Na danna.

Jan layi ya soma gangarowa:
tamanin, saba'in da ɗaya, hamsin da shida.
Fanka ta sassauta.
Can a Kwangila wani ya zura kati,
mai shayi ne wataƙila, zai sari burodin asuba,
ta karɓe shi, ta buɗe masa ɗaki.

Na kwafi lambobin huɗu a tafin hannuna,
na ɗauki buta,
na kuwa san abin da ruwa zai yi.